Amsa: mayar da rubutun Perl fayil mai tashi da kansa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko umarnin dump da undump za su mayar maka da shirin da ka rubuta da harshen kwamfuta na Perl fayil guda, ka raba wa kwamfutocin shagonku na Nima ba sai an sa Perl a kowacce ba. Tsohuwar dabara ce: perl -u ya harhaɗa rubutun, ya juye abin da ke ƙwaƙwalwa cikin fayil da ake kira core, undump ya ɗinke shi da perl ɗin kansa.

A Linux na yanzu da wuya ta ci. ASLR, wani tsarin tsaro, yana sauya adireshin ƙwaƙwalwa duk tashi, sai adireshin da aka adana su nuna inda babu komai, shirin ya faɗi nan take. Fayilolin da ke buɗe lokacin juyewar ma ba sa dawowa a buɗe. Ko Emacs, manhajar gyara rubutu, ya sauya unexec, irin wannan dabarar tasa, a siga ta 27, a 2020.

Maimakon haka, sa PAR::Packer, kayan ƙunshe rubutun Perl, ka buga pp -o haja haja.pl (haja.pl rubutunka ne, haja kuma fayil ɗin da zai fito). Yana ƙunshe perl da modul ɗinka (ƙarin rubutun Perl da shirinka ke kira), ya kwance su a /tmp in an kunna. Modul ɗin da bai gano ba, ƙara shi da -M. Ka harhaɗa a kwamfutar da ta fi tsufa saboda glibc, ɗakin karatun C na Linux: abin da aka harhaɗa da sabo ba lallai ya tashi da tsoho ba. Na Windows kuwa sai a Windows.