Kududdufi ya ƙafe ƙurmus da rani: daga ina halittun cikinsa suke dawowa da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan gidanmu a cikin birnin Kano akwai kududdufin da yake ƙafewa duk shekara har ƙasarsa ta tsattsage, amma da an yi ruwa biyu ko uku sai mu ga ƙananan halittu suna wutsil-wutsil a ciki, har da katantanwa. Tsofaffi suna cewa da ruwan sama suke saukowa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma shin bushewar tana kashe cutar da ke cikin ruwan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba daga sama suke saukowa ba, yawancinsu ma ba su taɓa barin kududdufin ba. Suna nan cikin busasshiyar lakar da yara suke buga ƙwallo a kanta, a wani hali da ya yi kama da mutuwa alhali da ransu. Bahaushe ya san wannan dabara a wurin gaiwa, wadda take shigewa taɓo ta jira damina, har ake cewa jikinta take ci. To, halittun ruwa marasa ƙashin baya sun fi gaiwa ƙwarewa a wannan fanni nesa ba kusa ba.

Masana sun raba wannan dogon barci gida biyu. Akwai wanda wahala ce take jawo shi kai tsaye: ruwa ya janye, halittar ta tsayar da aikin jikinta, ruwa ya dawo ta farka. Akwai kuma wanda ake yi wa shiri tun kafin wahalar ta iso, inda uwa take lura da raguwar abinci, ko cunkoso, ko sauyin zafi, sai ta saka wani irin ƙwai mai kaurin ɓawo wanda ba zai ƙyanƙyashe ba sai ya cika wa'adinsa, ko da kuwa ruwa ya taɓa shi. Ƙananan dangin jatan lande irin su dafniya haka suke yi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙwayayen ba sa fashewa gaba ɗaya a ruwan farko. Manomi ya san yadda ruwan bazara yake yaudarar mai gaggawar shuka. Da dukkansu za su ƙyanƙyashe a yayyafin da zai ƙafe cikin kwana uku, da irin ya ƙare. Saboda haka wasu sukan jira ruwa na gaba, wasu sai baɗi, wasu ma sai bayan shekaru, lakar ta zama kamar rumbun iri.

Gwanin wannan fanni kuwa ɗan gida ne. A ƙananan ramukan da ruwa yake taruwa a kan duwatsun arewacin Nijeriya ake samun tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda masanin ƙwari Hinton ya bayyana a 1951 da sunan Polypedilum vanderplanki. Idan ramin ya fara ƙafewa, tsutsar takan tara wani nau'in sukari mai suna tirehalos har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinta, sukarin ya daskare kamar gilashi ya riƙe sassan jikinta kada su lalace, ruwan jikin kuma ya ragu zuwa kusan kashi 3 cikin 100. An ajiye ta shekara 17 a bushe, da aka ɗiga mata ruwa ta motsa. A ka'ida cikin kamar awa ɗaya take komawa harkarta. Masu bincike a Japan sun daɗe suna nazarinta domin koyon yadda za a adana ƙwayoyin halitta da magunguna ba tare da firiji ba, abin da duk mai fama da ɗaukewar wuta zai gane darajarsa.

Amfanin wannan ga muhalli a fili yake: waɗannan halittu ne suke fara cinye gansakuka da ƙwayoyin da ke cikin sabon ruwa, su kuma su zama abincin 'ya'yan kifi da sauran mazauna kududdufin.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka, wanda nake ganin ya fi muhimmanci. Bushewa tana rage cuta, amma ba ta kawar da ita. Katantanwar da ake kira Bulinus, wadda ƙwayar cutar tsargiya take girma a cikinta, takan nutse cikin laka ko ƙarƙashin busasshiyar ciyawa ta janye jikinta can cikin ƙoƙonta, ta yi watanni a haka. Da yawa suna mutuwa, sai dai kowace ɗaya tana da halittar namiji da ta mace, tana iya yin ƙwai ita kaɗai, don haka 'yan kaɗan da suka tsira sun isa su sake cika ruwan cikin makonni. Wasu ma da cutar suke kwanciya su tashi da ita, sauran kuma yaro ɗaya mai fitsarin jini ya isa ya harbe su. Kada a bar yara su yi wanka a ciki da sunan wai sabon ruwa ne, wanda kuma aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganin firazikwantel. Haka ƙwan sauron Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, yake manne wa bangon randa da duro da tsohuwar taya ya yi watanni a bushe. Zubar da ruwan kawai bai wadatar ba, sai an dirje cikin mazubin da soso.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa kuwa da wannan barci suke cin abinci, ko sun sani ko ba su sani ba. Garin atemiya da suke saya a gwangwani ƙwai ne mai barci na wani ƙaramin jatan landen ruwan gishiri, wanda ake kwaso kaso mai yawa nasa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Idan aka zuba shi a ruwan da aka sa wa gishiri kamar giram 25 zuwa 30 a kowace lita, aka ba shi iska da haske, cikin kimanin awa 24 zai ƙyanƙyashe ya zama abincin farko na 'ya'yan kifi. Sau da yawa kukan da ake yi cewa atemiya ta ƙi fashewa daga ajiya yake tasowa, domin gwangwanin da aka buɗe aka bari a ɗaki mai laima da damina yakan sha danshin da zai fara tayar da ƙwan, ya ƙone ɗan guzurin da ke cikinsa ya mutu tun kafin a kai shi ruwa. A rufe shi ruf, a ajiye a wuri mai sanyi maras danshi, a riƙa ɗibar na yini ɗaya kawai da busasshen cokali.