Tambaya da Amsa: Farautar Akwatin Wasiƙa a Daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Ngaundare, ƙasar Kamaru. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wani ɗan littafi cike da hatimai iri-iri, ya ce a daji ya tattaro su ɗaya bayan ɗaya, a wani wasa da suke kira letabokisin. Mene ne asalin wasan, kuma yaya ake yin sa? Shin zan iya shirya wa ɗalibaina irinsa a hanyar tafkin Tizon, inda muke kai su yawon buɗe ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasan da ƙanenki ya shiga ya girmi kakanninmu, domin asalinsa yana komawa ga shekarar 1854, a wani yanki mai tuddai da fadamu da ake kira Dartmoor, a kudu maso yammacin Ingila. Wani ɗan jagoran matafiya mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wuri mai wuyar isa, domin duk wanda ya sha wahala ya kai can ya bar katin sunansa shaida. Daga baya matafiya suka koma barin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya, kuma daga nan wasan ya samo sunansa, wanda a Hausa za mu iya cewa farautar akwatin wasiƙa. Fiye da shekara ɗari akwatunan ba su taka kara sun karya ba, sai daga shekarun 1970 suka yawaita. A 1998 mujallar Smithsonian ta Amurka ta buga labarin wasan, sai Amurkawa suka ɗauke shi suka shiga da shi hanyoyin ƙafa na cikin dazuzzukansu.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Mutum zai samu ƙaramar roba mai murfi da ruwa ba ya shiga, ya sa ɗan littafi da hatimin roba a ciki, ya ɓoye ta a tsagin dutse ko a gindin bishiya kusa da hanya, sannan ya rubuta kwatancen wurin ya raba wa masu nema. Mai nema kuwa yana tafe da nasa littafin, da nasa hatimin, da matashin tawada. In ya dace da akwatin, sai ya buga hatimin da ya tarar a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin tare da kwanan wata da laƙabin da ya zaɓa wa kansa, ya mayar da komai yadda ya same shi. Ba kuɗi a ciki, ba kyauta, kuma hatimin da ke cikin akwati ba a tafiya da shi, domin in aka ɗauke shi akwatin ya mutu.

A ganina daɗin wasan yana wurin rubuta kwatance, kuma a nan ne yaranmu za su fi na Turai sa'a, tunda mu tun fil azal da bishiya da dutse muke kwatanta hanya. Ga misalin abin da za ki iya rubuta musu: "Ka tsaya a gindin ɗorawar da reshenta ya karye, ka fuskanci alƙibla, ka yi taku arba'in har ka iske maje biyu da suka tsiro tare, abin da kake nema yana ƙarƙashin falalen dutsen da ke hagunka." Yaron da ya bi wannan ya koyi rarrabe maje da ɗorawa da kaɗanya, ya koyi gabas da yamma, ya kuma yi lissafi ba tare da an buɗe masa littafi ba. Sai dai ki gwada takun da ƙafar yaro, don takunki arba'in ya kai nasa hamsin ko fiye. Hatimin ma su za su sassaƙa da kansu a jikin magogin fensir ko guntun tsohon silifa, ke kuma ki riƙe rezar in ƙanana ne. Ki tuna musu cewa rubutu a jikin hatimi a juye ake yanka shi, in ba haka ba wanda ya sassaƙa "Isa" zai buga ya ga sunansa ya fito a birkice.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. A Dartmoor in makiyayi ya tsinci roba a ƙarƙashin dutse ya san ta masu wasa ce. A nan kuwa, wanda ya tsinci abu a ƙulle cikin leda, da rubutu da zane-zane, an cusa shi a gindin bishiya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne sammu aka binne wa wani, kuma kafin la'asar labari ya kai gaban jauro, wato mai gari. A yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda rikicin Boko Haram ya sa mutane cikin zullumi, abin ya ma wuce nan, domin ana iya ɗaukar akwatin a matsayin abin fashewa a kira jandarmomi. Ban ba kowa shawarar ya gwada wasan a yankunan kan iyaka ba. Saboda haka, kafin ki ajiye ko da akwati guda, ki je wurin jauro ko lawan na yankin ki buɗe masa ya ga abin da ke ciki, ki kuma nuna wa makiyaya da masu gonakin wurin. Ki yi amfani da roba mai shara-shara, ki rubuta a murfinta da Hausa da Fulatanci da Faransanci cewa wasan 'yan makaranta ne. Gandun dajin gwamnati kuma, irin na Binuwai ko na Faro, ba a ajiye komai a ciki sai da izinin hukumar da ke kula da shi.

Sauran abokan gabar akwatin su ne gara, damina da gobarar daji. Kada a haƙa rami, kuma kada a ajiye shi cikin ciyawa, don wutar rani za ta narkar da shi. Kada a sa alewa ko wani abin ci, don tururuwa da birai za su riga yara zuwa. Ki kafa musu doka tun daga gida cewa ba a zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse sai an fara zungura da sanda, saboda maciji da kunama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kuma ni da zan fara, da safiyar ranar zan ɓoye akwati uku ko huɗu, in kwashe su da yamma, har sai mutanen wurin sun saba da ganinmu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Garwa. Na ga wani wasa a intanet da ake neman ɓoyayyen akwati da wayar hannu. Shi ne wannan farautar akwatin wasiƙa?

Amsa: 'Yan uwan juna ne, ɗana, amma ba ɗaya ba ne. Wanda ka gani shi ne jiyokashin, wanda ya fara a watan Mayu na 2000 a jihar Oregon ta Amurka, bayan da gwamnatin ƙasar ta daina rage ingancin siginar GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan adam, ga farar hula. A cikinsa lambobin taswira ake ba ka waya ta kai ka wurin, kuma an yarda ka ɗauki ɗan abin da ka tarar ka ajiye wani a madadinsa. Farautar akwatin wasiƙa kuwa da kwatance da hatimi take tafiya, ba ta bukatar caji ko sabis. In kana son gwadawa a wajen dutsen Tingelin, ka bi sharuɗɗan da na zayyana wa Malama, ka tafi da abokai da ruwan sha mai yawa, ku fita da sassafe, kuma ku kauce wa Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40.