Akwatin wasiƙa a bango, wai har da shi a kayan tarihi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ɗan'uwana da ke karatu a Ailan ya turo min hoton wani tsohon akwatin gidan waya kore da aka dasa cikin katanga, wai doka ta hana a taɓa shi kamar yadda ake kare tsofaffin gine-gine. Gaskiya ne ko zolaya ta yake?

Amsa: Ba zolaya ba ce ɗan'uwa. Koma kan hoton nan ka duba saman ƙofar akwatin, akwai yiwuwar ka ga kambin sarauta da haruffa VR, wato Sarauniya Biktoriya, ko ER da VII na ɗanta Edward. To a nan labarin yake. Su irin waɗannan na cikin bango a 1857 gidan wayan Birtaniya ya fara sa su, saboda sun fi na tsaye araha kuma sun dace da ƙauyuka inda wasiƙu ba su da yawa, lokacin kuwa Ailan gaba ɗayanta tana ƙarƙashin Birtaniya. Ƙarfe ne ake narkawa a zuba, shi ya sa haruffan ba rubutu ba ne da za a goge, jikin akwatin ne da kansa, wasu ma har da sunan kamfanin da ya ƙera kamar W. T. Allen na Landan.

Da aka samu 'yanci a 1922 sabuwar gwamnati ba ta tsaya tumɓuke su ba, ina kuɗin? Jan fentin kawai ta rufe da kore aka ci gaba da jefa wasiƙa. Ni wannan ne ma ya fi burge ni wallahi, kambin waɗanda aka yi yaƙi da su yana nan raɗau a ƙarƙashin launin ƙasa, sama da shekara 100 kenan. Waɗanda aka ƙera daga baya su ne masu P da T, na ma'aikatar wasiƙu da tangaraho, kafin An Post, hukumar gidan wayan Ailan ta yanzu, ta karɓi aikin a 1984.

Maganar doka kuma, dokar tsara gine-gine ta 2000 ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma ta riƙe rajistar abubuwan da aka kare, wasu akwatunan suna ciki, ba duka ba fa. Wanda ya shiga, ko da katangar taka ce, ba ka isa ka cire shi ko ka sauya masa kama ba sai ka nemi izini.