Filin Tambaya da Amsa: Na cire hatsi, madara da ƙwai, to me zan ɗora a wuta?

TAMBAYA: Slm Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min wallahi na rasa yadda zan yi. Kusan shekara biyu kenan ina fama da kumburin ciki da ciwon gaɓoɓi, likita ya yi gwaje-gwajensa sai muka yi shawara in gwada tsarin abincin nan na faliyo mai tsauri na wata ɗaya, a cire hatsi da wake da madara da ƙwai har tumatir da barkono. Yau kwana na huɗu, kullum kaza da kabeji, ga jiri ga ciwon kai ga yunwa kamar ban ci komai ba, saura ƙiris in watsar. Ya zan tsara girkin? Ƙanwarki, Maman biyu.

AMSA: Wa alaikissalam Maman biyu, Allah ya ƙara sauƙi. Ina karanta wasiƙarki na gano inda gizo ke saƙar, kin cire abubuwa da yawa amma ba ki mayar da komai a gurbinsu ba. Kaza da kabeji ba za su riƙe uwa mai hidimar yara biyu daga safe zuwa dare ba, jirin nan da ciwon kan galibi ƙarfi ne ya yi ƙasa, in kuma kina shan kofi da can kika yanke shi rana ɗaya to shi ma yana da nasa kason, yakan lafa cikin mako guda ko makamancin haka.

Tsarin faliyo na asali ba shi da tsaurin da kike kai. Wani likitan ciki ɗan Amurka, Walter Voegtlin, shi ya fara tallata ra'ayin a 1975, sai masu bincike Boyd Eaton da Melvin Konner suka rubuta a kai a 1985, Loren Cordain kuma ya kai shi kasuwa a 2002. Hujjarsu dai a koma irin cimar mutanen da suka rayu kafin noma, nama da kifi da ganye da 'ya'yan itace, kuma a wannan ana cin ƙwai da tumatir. Naki shi ne wanda suke kira AIP, wato faliyon da aka tsara don masu cutukan da garkuwar jiki ke far wa jikin kansa, shi ne ya ƙara da cire ƙwai da 'ya'yan iri da dangin tumatir, wato tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa. Gyaɗa ma ta fita, don ita dangin wake ce. Ni dai labarin mutanen dā bai dame ni ba sosai, su ma ba abu ɗaya suke ci ko'ina ba. Amfanin abin a wajena shi ne bincike: a cire, jiki ya natsu, a dawo da abu ɗaya-ɗaya a kama mai laifi.

To faranti. Ki raba shi a ido. Rabi kayan lambu, irin su alayyahu, kabeji, karas, kuɓewa, latas, kokwamba, ki riƙa sauya su kar ki maƙale wa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 ta ce a rana na ganye da 'ya'yan itace, ke da kika ajiye hatsi da wake ya kamata ki wuce haka, don su ne za su hana cikinki ɗaurewa. Kwata ɗaya nama ko kifi, kamar faɗin tafin hannunki, giram 100 zuwa 150 in ya dahu. Ɗaya kwatan kuma shi ne wanda kika manta, abu mai sitaci: dankalin Hausa, doya, rogo, gwaza, kabewa ko agada. Duk an yarda da su, dankalin Hausa sunan kawai ya haɗa shi da na turawa, ba danginsu ɗaya ba. Sannan mai, cokali ɗaya ko biyu na man zaitun ko na kwakwa a kowane ci, ko ki bar kitsen naman ya yi aikinsa. Ki yi wannan kwana biyu ki gani, ina kyautata zaton jirin zai sake ki.

Batun nama akwai lissafin da mutane ba sa yi. Ci uku a rana sau 21 ne a mako, in kowane ci giram 120 ne kin tasar wa kilo biyu da rabi na dafaffe, ɗanye kuma ya fi haka tunda nama yana rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wuta. Kar duk ya zama jan nama. Masu binciken ciwon daji suna ba da shawarar kar jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffe a mako, kin ga kamar ci uku ko huɗu kenan, sauran ki cike da kaza da kifi. Naman da aka sarrafa irin su sosej da na gwangwani ki bar shi gaba ɗaya, tun 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa shi a jerin abubuwan da ke jawo ciwon daji, ga shi kuma yawanci da garin alkama ko sukari ko barkono a ciki, ya ɓata miki binciken ba ki sani ba. Hanta sau ɗaya a mako ta isa, tana da sinadarin ƙarfe da bitamin A sosai, yawan bitamin A ɗin ne ma ya sa mai juna biyu ake ce mata ta kauce mata.

Yadda nake ba da shawara a yi, girki sau biyu a mako, manya-manya. Ranar farko ki gasa cinyoyin kaza faranti guda na murhun gashi (oven), gefe ki jera yankakken dankali da karas da albasa su gasu tare, a kan wuta kuma tukunyar naman sa da citta da tafarnuwa tana dahuwa a hankali, ƙasusuwan ki tafasa ki tace romon ki ajiye. Rana ta biyu, bayan kwana uku, kifi da niƙaƙƙen nama. Niƙaƙƙen naman nan shi zai cece ki da safe tunda ba ƙwai ba biredi: ki kwaɓa shi da gishiri da yankakkiyar albasa da na'a-na'a, ki mulmula ki danna su yi faɗi kamar murfin kwalba, ki soya ki jera a firiza, da safe ki ciro biyu ki ɗumama da ragowar dankalin jiya, shikenan. Ki cire wa ranki cewa karin kumallo sai ya bambanta da abincin dare, na wata ɗaya ne.

Miya ba tumatir kuwa, ita ce ke sa mutane kuka. Ki soya albasa manya biyu har su yi laushi su fara ja, ki zuba karas huɗu da ɗan yankin kabewa da bitrut rabin ƙarami kawai, kar ki cika shi miyar ta koma shuni tana ƙanshin ƙasa, ki zuba romo ya rufe su su dahu luguf, ki markaɗa, a ƙarshe ki matse lemon tsami. Tsamin nan shi ke yaudarar harshe. Ba zan ce miki tumatir ce sak ba, ba ita ba ce, amma nama yana shiga cikinta lafiya lau. Yaji kuma citta ɗanya za ta ba ki zafi, ga kurkum da kirfa da tafarnuwa. Dunƙulen ɗanɗano da garin kori ki karanta bayan kwalin, da yawa akwai alkama ko barkono a ciki.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda kika kwana, cikin, gaɓoɓin, barci. In ba haka ba wata zai ƙare a tambaye ki ko an samu sauƙi ki ce "kamar dai."

TAMBAYA: Anti ni girkin mako nake so in riƙa yi rana ɗaya saboda aiki, amma mijina ya ce nama ba ya kai mako a firij. Waye mai gaskiya? 'Yar'uwarki ma'aikaciya.

AMSA: Wannan karon maigida ya yi gaskiya, ki yi haƙuri. Dafaffen nama kwana 3 zuwa 4 ne a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, abin da za ki ci bayan haka ki raba shi ci-ci a ƙananan robobi ki sa a firiza tun ranar da kika dafa, ki rubuta kwanan wata a murfi. Kar abinci ya wuce awa biyu a waje bayan an sauke, in ana tsananin zafi awa ɗaya, kuma kar ki cusa ƙatuwar tukunya da zafinta, ki baza a kwano mara zurfi ya huce da wuri. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71. Ganye kuma ki wanke ki tsane ki yanka ki ajiye ɗanye, minti biyar ne a kasko ranar da za ki ci, wanda aka dafa tun farkon mako zuwa Alhamis ya zama abin tausayi.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne amma ina bin filinki. Na yi kwana 40 a tsarin kuma alhamdulillah cikina ya lafa, ina tunanin in zauna a haka har abada tunda ya karɓe ni. Ko akwai matsala? Ƙaninki.

AMSA: Madalla ƙanina, amma a'a, ba a zama a nan. Matakin cirewa kwana 30 ne zuwa 90, daga nan a fara dawo da abubuwa. Ka zaɓi abu ɗaya, yawanci da gwaiduwar ƙwai ake farawa, ka ɗan ɗanɗana ka jira, in shiru ka ci daidai misali a ranar, sai ka bar shi kwana biyar zuwa bakwai ba ka ƙara wani sabon abu ba kana lura da jikinka. In lafiya ya dawo jerin abincinka, in ya tayar maka da ciwo ka ajiye shi ka gwada na gaba bayan ka natsu. Watakila abu ɗaya ko biyu ne kawai ba sa yi da kai, to me ya sa za ka hukunta ashirin?

Daɗewa a ciki yana da tsada ga jiki. Babba yana buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wajen miligiram 1000 a rana, ba madara kuwa sai ka dage da kifin sadin mai ƙashi da ganye kafin ka kusanci haka. Kuma hujjar kimiyyar ba ta da yawa: binciken 2017 da ake yawan ambata mutum 15 ne masu kumburin hanji, 11 suka samu sauƙi a mako na shida, amma ba a kwatanta su da wani rukuni ba kuma ba a ce su ajiye magani ba. Don haka kai ma kar ka ajiye naka. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda ya taɓa samun matsalar ƙin cin abinci, kada su fara sai da likita.

Abu ɗaya da ban gani a wasiƙarka ba, an yi maka gwajin cutar siliyak, wadda cin alkama ke lahanta wa mai ita hanji, kafin ka bar alkama? Gwajin yana buƙatar mutum yana cin alkamar, in ka daɗe da barinta sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne. Ka faɗa wa likitanka ranar da ka daina ci, shi zai tsara maka yadda za a yi gwajin.