Filin Tambayoyinku: Wai da gaske wata mata a Ghana ta ci zaɓe ba jam'iyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gajiya ya aiki. Ni ce shugabar adashen mata a ƙauyenmu nan ƙaramar hukumar Gwaram, kuma matan unguwa sun matsa min lamba wai in fito takarar kansila saboda maganar ruwa da asibitin sha-ka-tafi da ba magani a ciki, to yayan mai gidana ya ce in daina mafarki, mace ba ta cin zaɓe sai in wani babba ne ya ɗauko ta ya ɗora. Shi ne ƙanina da yake karatu a Dutse ya ce ai akwai wata Hawa Yakubu a Ghana da ta shiga majalisar ƙasa ba jam'iyya ba ubangida. Dan Allah da gaske ne? Kuma ni ma zan iya yin irin nata? Na gode. Daga wata ƴar uwa a Gwaram, Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƴar uwa. Ƙanin nan naki bai yi ƙarya ba, ki gaishe shi. Hawa Yakubu ƴar yankin Bawku ce, can ƙuryar arewa maso gabashin Ghana dab da iyakar Burkina Faso da Togo, garin kasuwa ne da in kin shiga da Hausarki za ki yi ciniki lafiya lau, dama kin san fataken Kano sun daɗe suna bin hanyar Gwanja sayen goro. An haife ta a 1948, ta rasu a Landan a watan Maris na 2007.

Abin da ya faru a 1992 shi ne Ghana ta koma mulkin farar hula, Jerry Rawlings ya tuɓe kaki ya ci zaɓen shugaban ƙasa, su kuma manyan jam'iyyun adawa suka ce an yi musu maguɗi don haka suka ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa gaba ɗaya. Kujeru 200 ne, jam'iyyar Rawlings wato NDC ta kwashe 189, sauran ma yawanci na ƙawayenta ne. A cikin wannan yanayin ne Hawa ta tsaya a mazaɓar Bawku ta Tsakiya a matsayin ƴar takara mai zaman kanta kuma ta ci. To kinga majalisar da kusan kowa bakinsa ɗaya da gwamnati, sai ga mace daga arewa tana miƙewa tana faɗin abin da ba a son ji, shi ya sa sunanta ya zagaye ƙasar har ake mata kirari da mace mai kamar maza.

Amma fa kar ki ɗauka daga ɗaki ta fito ta faɗa majalisa. Tun 1979 take cikin harkar, ta fara ne daga majalisar ƙaramar hukumarsu, daga nan aka tura ta cikin masu tsara kundin tsarin mulkin jamhuriya ta uku ta Ghana. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1981 sai da ta bar ƙasar, ta yi zama a Ingila da nan Najeriya, ba ta koma ba sai wajen 1991. Wato mutanen Bawku sun santa sama da shekara goma kafin ta zo neman ƙuri'arsu, kuma wallahi wannan ɓangaren na labarin ya fi min muhimmanci a kan maganar ba jam'iyya ɗin, don shi ne ya yi kama da naki.

Sannan ta sha kaye, har sau biyu. A 1996 wata mace kamarta, Hajiya Fati Seidu ta NDC, ta karɓe kujerar. Ba ta zauna tana kuka ba, ta dawo a 2000 a ƙarƙashin jam'iyyar adawa ta NPP ta sake ci, shugaba John Kufuor ya ba ta ministar yawon buɗe ido, ta kuma wakilci Ghana a majalisar ECOWAS. Zaɓen 2000 ɗin nan ma bai zo da sauƙi ba don an yi rikici a Bawku bayan sakamako har aka rasa rayuka, garin dama yana da tsohuwar rigimar sarauta tsakanin ƙabilun Kusasi da Mamprusi wadda siyasa ke ƙara hurawa. A 2004 kuma Mahama Ayariga ya kayar da ita. Duk da haka har ta rasu tana cikin manyan shugabannin jam'iyyarta na ƙasa.

Yanzu tambayarki ta biyu, zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi: irin nata sak ba zai yiwu a nan ba. Tsarin mulkin Najeriya bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da ke, ko kansila ne kuwa. A Ghana akasin haka ne ma, zaɓen ƙananan majalisunsu ba a shigarsa da tutar jam'iyya sam. Mu kuma zaɓen kansila hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma kowa ya san yadda yake ƙarewa, jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kusan komai, don haka ainihin kokawar tana wajen fidda gwani ne a matakin mazaɓa, inda ƴan mutane kaɗan ke zama a zaure su yanke. Nan ne maganar yayan mai gidanki take da ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye miki ba. Inda ya kauce shi ne cewa da ya yi mace ba ta iyawa. Matan arewa sai a 1976 aka fara barinsu jefa ƙuri'a ma, bayan irin wuyar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a gidajen yari, amma yau ki je rumfar zaɓe a kowane ƙauye ki ga layin waye ya fi tsawo. Abin na ci min rai ƙwarai, a ce mu ne masu layi tun asuba da goyo a baya amma a majalisar dattawa mai kujeru 109 matan ba su kai biyar ba bayan zaɓen 2023.

Shawarata, ki fara da mai gidanki ku fahimci juna tukuna, shi zai tare miki yayansa da sauran dangi, in ba haka ba za ki yi yaƙi biyu a lokaci ɗaya. Ki yanki katin jam'iyya a mazaɓarki, matan adashen nan su ma su yanka, kowacce ta duba katin zaɓenta yana nan, ku riƙa halartar taron mazaɓa tun yanzu ba sai an buga gangar siyasa ba, don shugaban jam'iyya na mazaɓa ba ya raina wadda ta shigo da mata hamsin a bayanta. Ki gaida mai unguwa da liman, ki gaya musu niyyarki da bakinki kafin su ji a wajen wasu. Maganar ruwan kuwa kar ki jira kujera, ku rubuta takarda ku sa hannu ku kai sakatariyar ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi, in an yi shiru ku sake komawa. Kuma dan Allah kuɗin adashe amanar mutane ne, ko naira ɗaya kar ta shiga sayen fom.