Amsa ga mai tambaya kan wanke tsofaffin sulalla

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji gwangwani cike da anini da kwabo da sule daga wurin kakarka, Allah ya jiƙanta, wasu sun yi baƙi, wasu sun yi kore, kana neman abin da zai sa su ƙyalli. Na daɗe ina tara kuɗin zamanin Turawa, kuma shawarata ta farko ita ce ka cire maganar ƙyalli daga ranka, domin duhun da ya lulluɓe tsohon kwabo launi ne da ƙarfen ya yi a tsawon shekaru, shi kuwa masu saye suke fara dubawa.

Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarna. Ina da kwabo mai huji na 1936, mai ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare. Na sa masa toka da lemun tsami, na dirje shi kamar gindin tukunya har ya yi fari tas. Da wani dillali ya duba shi da gilashin ƙara girma, sai ga ƙarce ya cika tauraro mai tsini shida da ke jikin kwabon, ya miƙo mini abina bai ko taya ba. Saboda haka toka da tsamiya da man goge baki da soson ƙarfe da man goge ƙarfe na Brasso duk ka nisanta su.

Ƙasa da maiƙo kaɗai ya kamata ka cire. Ka jiƙa sulen cikin tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbata ruwan zalla aka ba ka, domin a bakin wasu masu shago “ruwan batir” asid ne. Ruwan famfo da na rijiya suna da sinadarai da gishirin da ke cin tagulla. Ka riƙa canja ruwan kullum har kwana uku ko mako guda, idan ƙasar ta yi laushi ka ture ta a hankali da tsinken sakace jiƙaƙƙe. Maiƙo da danƙon leda kuwa asitom (acetone) zalla ne maganinsu, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, na mintoci kaɗan a kofin gilashi, a wuri mai iska nesa da wuta, amma ba wanda aka gauraya da turare da mai ba.

Koren nan iri biyu ne. Akwai mai tauri da santsi wanda ya manne da jikin ƙarfen, wannan a ƙyale shi. Akwai kuma mai haske da ke zuba kamar gari idan an taɓa shi, wanda gishiri da danshi ke haifarwa, kuma yana ci gaba da rarake sulen. An fi ganinsa a kwabban jan ƙarfe na 1952 zuwa sama. Irin wannan ka ware shi daga sauran nan take, ka kakkaɓe garin da tsinke, ka jiƙa shi makonni kana canja ruwa, kuma idan mai daraja ne ka kai wa ƙwararre.

Idan ka ci karo da anini mara nauyi na 1907 ko 1908, na alminiyam ne, kada kanwa ta kusance shi, domin tana cinye shi. Sule mai bishiyar kwakwar manja na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, haka ma dalar Mariya Tiriza, tsohon kuɗin ƙasar Ostiriya mai shekarar 1780, baƙinsu kuma ba ya cutar da su.

Bayan wanki ka ɗora kowanne a kan tsumma mai laushi ya bushe sarai ba tare da gogawa ba, ka riƙe shi ta gefe, sannan ka sa shi a ambulan ɗinsa shi kaɗai. Gwangwanin kuwa ka sama masa wani aiki, domin da damina danshi yake tarawa.