Ƙanina ba ya amsa saƙona, in ci gaba da aikawa?

'Yar'uwa, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce an sallamo ƙaninki daga asibiti bayan ya yi yunƙurin kashe kansa, kina tura masa saƙo amma shiru, har kin fara tunanin ko takura masa kike yi. Ki ci gaba da turawa. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma makonnin farko bayan sallama su suka fi ba mu tsoro. 'Yan dubiya sun watse, kowa na ganin an wuce wurin, shi kuwa an bar shi da tunaninsa.

Wani likita a San Francisco ta Amurka, Jerome Motto, ya gwada wannan tun daga 1969. Cikin majinyata 843 da suka ƙi ci gaba da ganin likita bayan sallama, kusan rabi ya riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, guda 24 cikin shekara 5. Ba nasiha a ciki, ba a neman komai daga gare su, gaisuwa ce da fatan alheri. A shekara biyun farko, waɗanda suka kashe kansu cikin masu samun wasiƙar ba su kai na ɗaya rukunin yawa ba.

Abin da nake gani shi ne, saƙon da ke aiki ba ya ɗora wa mutum nauyi. "Ka faɗo mini a rai yau. Ba sai ka amsa ba, ina nan." Ya wadatar. Ban da "me ya sa ka yi mana haka", ban da wa'azi, don ya riga ya cika da jin kunya. Sau da yawa sai bayan watanni majinyaci zai ce mini duk yana karantawa, ƙarfin amsawa ne babu. Ki tsayar da lokacin da za ki iya riƙewa, ko mako-mako ne, ya fi ki yi ruwan saƙonni kwana uku ki ɓace.

Amma saƙo ba ya maye gurbin likita. A kawar da magunguna masu yawa da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a tabbata yana komawa asibiti ranar da aka ba shi. In kin ji yana maganganun ban kwana ko yana rabar da kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko tunanin ya dawo, tambayar ba ta cusa masa shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.